Tasar da Ta Girmi Nasara

"…ina gajiya, ina zafin nan, ina tsohuwar da ta ƙi mutuwa ta bar min gado?"

"Lafiya lau, Mushe. Sannunku da hanya. Ku shigo, ga tabarma."

Inusa ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Shekararsa talatin a duniya, kakarsa Zulfa ba ta taɓa ce masa "ku" ba. Tabarma ma ba ta taɓa shimfiɗa masa ba. In ya zo Bande, turmi take nuna masa da baki ta ce ya kifa ya zauna, wai tabarma ta mutanen kirki ce. Yau kuwa ga tabarmar baƙi a inuwar bishiyar bedi, ga ruwa a rufe da faifai, kamar perefe mai mulkin yanki ne ya sauka.

Ya san dalili. Duk mai radiyo tsakanin Magariya da Dungas ya san dalili.

Lahadin da ta wuce aka gayyace shi gidan radiyon gari, shi da yake koyar da Faransanci a kolej, ya yi bayani a kan kalmomin da Hausa ta aro. Ya fara da kyau: lakwal, kaye, bik, mangaza. Da ya ga mai gabatarwa yana gyaɗa kai, sai daɗin baki ya ɗebe shi. Ya ce "tasa" ma ba Hausa ba ce, "tas" ce ta Faransawa da suke shan shayi a ciki, bakin mutanenmu ya ƙara mata wutsiya. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ce yana da kaka a Bande, ya faɗi sunanta, ya maƙale murya irin tata: "Wannan tasa ta kakata ce, ta girmi Nasara." Sannan ya koma muryarsa ya ce, "To jama'a, yaya tasa za ta girmi wanda ya raɗa mata suna?"

Mai gabatarwa bai gama dariya ba wani tsoho, Malam Maina daga Dungas, ya bugo waya. A hankali ya yi magana. Ya ce, ɗana, tasa daga Larabci take, fatake suka shigo da ita tun ba a san Nasara ba, su Faransawan ma a can suka samo tasu. Da Inusa ya koma gida ya buɗe babban ƙamus ɗinsa, sai ga shi a rubuce a ƙarshen layi, da ƙananan baƙaƙe. Layin ne bai karanta har ƙarshe ba.

Ita kuwa tasar ba ta cin tuwo ba ce. Ta tagulla ce, kuma a cikinta ake kwaɓa lallen duk amaryar da ta fito daga zuriyarsu. Jibi Alhamis za a sa ƙanwarsa Nafisa a lalle a Magariya. Sau biyu ana aikowa, Kaka Zulfa tana cewa ta kulle ta, ba za ta ƙara fita ba. Da safen nan uwarsa ta tsaya a kansa ta ce, "Bakinka ya kulle ta, bakinka zai buɗe. Kada ka dawo min hannu wofi."

Ya zauna a gefen tabarmar, can bakin-baki.

"Kaka, daina ce min Mushe. A bakinki ba malamin lakwal nake ji ba, wanda ungulu ke sauka a kansa nake ji."

"Ni na isa? Ai ku kuka san asalin kalmomi. Mu sai dai mu ƙara musu wutsiya."

"Ashe kin ji."

"Na ji kaɗan. Muna gidan Kulu muna ɓarar gyaɗa, mu tara, radiyo a rataye a reshe. Aka ce ga jikan Zulfa. Ni da kaina na ce a ƙara murya."

Inusa ya ɗauki kofin ruwa, ya ajiye bai sha ba.

"Kin ga laifinki ke nan. Mace ta ji muryar mijinta a radiyo, ba sai ta yi guɗa ba?"

"Na yi niyya. Sai na ji wata tsohuwa ta shigo tana magana kamar akuyar da aka shaƙe. Na ce wannan kuma wace ce? Kulu ta ce ke ce."

"Ban iya ba ne. Muryarki ta fi haka muni."

Ya jira. A da, wannan ya isa ta jefo masa muciya. Ta ci gaba da tsince wake a faifai, kanta a sunkuye.

"Ku sha ruwa, Mushe. Ko ba a shan na randa a Faransa?"

"Kaka, don Allah ki zage ni."

"Subhanallahi. In zagi malami?"

"Ki ce min mai kan gwanda. Ki ce min mai ƙafar zalɓe. Ko guda ɗaya."

"Ina da tambaya dai, in an yarda jahila ta yi tambaya."

"Yi."

"Faranti. Daga Faransa ya fito, ko Faransa ce ta fito daga faranti?"

"Ban sani ba."

"A'a. A nemo kaye a rubuta. Yau Talata, jikan Zulfa ya ce bai sani ba." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "To wata. Ka san jakin Bawa mai ruwa?"

Ya ji "ka" ɗin nan har cikin ƙirjinsa, kamar an sauke masa buhu. Bai nuna ba.

"Na san shi. Ai tsaranki ne."

"Kunnensa da naka, ka taɓa dubawa? Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, har yadda suke motsi in an ambaci abinci. Haƙora kuma kada a yi magana. Tun da a karatunku duk abin da ya yi kama da wani shi ya haife shi, gobe zan hau radiyo in gaya wa jama'a. In ce ina da jika a Magariya, sunansa Inusa, yana cewa shi ɗan mutane ne. To jama'a, yaya ɗan mutane zai fito da kunnen jakin Bawa?"

"Kunnen nan gado ne. Ɗankwali ke rufa miki asiri."

"Nawa kunnen saurayi bakwai suka yi dambe a kansa a kasuwar Waca."

"Makafi ne?"

"Biyu daga ciki sun makance daga baya, don kuka. Da na auri kakanka."

"Shi kuma ya kurmance, don tsira."

"Ka ga bakin nan? Da shi aka haife ka. Ranar sunanka liman yana addu'a kana gyara masa."

"Ya yi kuskure ne."

"Kamar na Dungas?"

Inusa ya shafa ƙeya. Wata kaza ta zo ta leƙa kofinsa, bai kore ta ba.

"Na Dungas ya yi gaskiya," ya ce. "Na duba. Tasarmu da tas ɗin Faransawa ba uwa da 'ya ba ne. Taubasai ne. Kakarsu ɗaya, Balarabiya. Ɗaya ta bi raƙuma ta zo nan, ɗaya ta bi jirgin ruwa ta tafi can, suka haɗu a bakina na ce ɗaya ta haifi ɗaya. Haka sabulu, haka sukari. Har kwallin idonki ma."

"Me kwallina ya yi?"

"Kin san abin da Nasara suke kira alkol?"

"Na likita, mai zafi a ciwo?"

"Shi, da na kwalba da ake sha a bugu. To an ce sunansa da sunan kwalli tushensu ɗaya."

Ta ajiye faifan a hankali.

"Ka gama da tasata, ka hau idona. Yanzu kuma mashayiya ce ni. Shekara sittin ina ɗura giya a ido da tsinke, ban sani ba sai da na haifi mai haihuwar mai ilimi."

"Ba haka nake nufi ba."

"Wace Lahadi za ka faɗi wannan? In sani in yi ƙaura tun Asabar."

"Ba zan faɗa ba."

"Faɗa mana. Ka ce shi ya sa take tangaɗi in ta tashi daga tabarma. Ɗan banza mai bakin reza. Da na sani ranar da aka miƙo min kai a tsumma, da na musanya ka da ɗan akuya, yau ina da garke."

"Da yanzu kin cinye garken, kina neman wanda zai kawo miki goro."

"Ina goron?"

Ya laluba aljihu ya fito da ƙulli. Ta kwance, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare guda ta sa a baki.

"Ya bushe. Kamar mai shi."

Nan Inusa ya ga ƙofa ta buɗe, ya gyara zama.

"To amarya, tun da an shirya, a ba ango tasa ya kama hanya. Taksin Magariya ba ya jira."

"Makulli ya ɓace."

"Ga shi nan a wuyanki."

"Wannan na rumbu ne."

"Rumbunki ba shi da kwaɗo."

"To akwatin ya kumbura, ba ya buɗuwa sai da damina."

"Akwatin ƙarfe?"

"Aljani ya shiga ciki. Ya ce ba ya son mai jin Faransanci."

"Zan yi masa Larabci."

"Wanda ka koya ran Lahadi?"

"Kaka." Ya sauke murya. "Na yi laifi. A kolej yara sun daina ce min Mushe Inusa, Mushe Tas suke cewa. Na shiga aji jiya na tarar an zana kofi a allo, da wutsiya. Wannan duk na ɗauka, nawa ne. Amma Nafisa ba ta hau radiyo ba. Tun tana ƙarama take jiran ranar da za a kwaɓa nata a tasar nan. Jiya ta ƙi cin abinci. Ni ki hore ni yadda kike so, ita ki ba ta."

Tsohuwar ta daina tauna. Ta dubi ƙofar gida, ta dubi katangar da ke tsakaninta da gidan Kulu. Da ta yi magana, muryar ba ta wasa ba ce, kuma ba ta baƙunta ba ce.

"Wa ya gaya maka?"

"Me?"

"Kada ka yi min wayo. Uwarka ba ta sani ba. Kakanka ya tafi. Wa ya rage?"

"Wallahi ban san abin da kike nufi ba. Ƙamus na duba, shi ma rabi."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa gero a kasuwa in tana zargin an haɗa da ƙaiƙayi. Sai ta dafa gwiwa ta tashi ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar kwaɗo, ya ji murfin akwati. Ta fito da abu a naɗe cikin tsohon zane, ta ajiye tsakaninsu, ta kwance.

Ita ce dai, yadda ya san ta tun yana yaro: ja-ja, baƙi-baƙi a gindi, da lotsawa a gefe ɗaya.

"Ka san shekarar da damina ta ƙi, aka riƙa rabon jar dawa a Magariya?"

"Tamanin da huɗu. Ba a haife ni ba."

"Uwarka tana da shekara tara. Kakanka ya tafi Kano neman abin da za a ci, wata biyar ba labari. Awaki suka ƙare. Zannuwa suka ƙare. Ran nan na duba ƙafar uwarka na ga ta kumbura, na danna da yatsa, wurin ya ƙi tasowa." Ta shafa bakin tasar. "Ranar kasuwar Waca na ɗauki tasar kakata a ƙarƙashin mayafi. Wani baƙo ya ba ni rabin buhun gero. Ban tambayi sunansa ba, don kada in san inda zan riƙa tunawa."

Inusa ya dubi tasar, ya dubi kakarsa.

"To wannan fa?"

"Babura. Bayan shekara biyu, da aka samu gyaɗa. Na yi ta matsar mai ina tarawa, na tsallaka iyaka ni kaɗai na ce zan je gaisuwar mutuwa. Na zaga rumfunan masu tagulla har na sami mai kama da ita. Sabuwa fil, tana ƙyalli kamar goshinka. Na binne ta a turken awaki damina guda. Na tono, na shafe ta da toka da tsamiya."

"Lotsawar nan da kika ce raƙumi ne ya taka a hanyar Borno?"

"Waccan raƙumi ne. Wannan ni ce raƙumin. Da taɓarya."

Dariya ta taso masa, ya haɗiye ta, don ya ga idonta.

"Ba wanda ya gane?"

"Uwata. Lokacin ta makance. Bikin farko da aka fito da ita ta ce a miƙo mata. Ta shafa, ta shafa, ta auna a hannu. Ta ce, 'Zulfa, tasar nan ta rame.' Ba ta ƙara ba har ta mutu." Ta goge ido da bakin mayafi, da sauri, kamar mai korar ƙuda. "Shekara arba'in ina tsayawa gaban mata ina cewa ta girmi Nasara. Na faɗa har na fara yarda. Sai ran Lahadi na ji jikana a radiyo yana cewa ƙarya ne. Na ce shi ke nan, an tono. Na tashi na bar gyaɗata a gidan Kulu, ban ma ɗauki takalmi ba."

"Ba ki ji Malam Maina ba ke nan."

"Kulu ta biyo ni da takalmin tana murna. Wai wani dattijo ya tsaya min, ya kunyata ka. Wannan ya fi ciwo. Bawan Allah bai san ni ba, ya ɗauki wayarsa ya kare ni da iliminsa gaban duniya, ni kuwa na san abin da ke cikin akwatina. Tun ranar mata ke shigowa suna min barka. Da wane ido zan ɗauke ta in kai Magariya, a ce in tsaya in faɗi abin da na saba faɗa?"

Inusa ya rasa inda zai sa idonsa. Da ya taho, ya ɗauka kunyarsa ce mafi girma a ƙasar Damagaram. Ya shirya kalmomin ban-haƙuri a taksi, har da na Larabci. Yanzu ba ko ɗaya da ya dace. Ya tuna yadda ya maƙale murya, da yadda dariyar mai gabatarwa ta yi masa daɗi, ya ji kamar ya shige ƙarƙashin tabarmar.

Ya ja tasar gabansa, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ta yi ƙara siririya.

"Wato ni na faɗi gaskiya bisa kuskure, shi ya faɗi gaskiya bisa ilimi, ke kuma kika kwana ba barci."

"Kwana biyu."

"Geron nan, Inna ta ci?"

"Ita ta fi kowa ci. Kunu safe da yamma har ƙafar ta sabe."

"To ashe tasar ba ta ɓace ba. Inna ta cinye ta, ta haife ni. Ni ne tasar kakarki."

Ta ɗago kai ta dube shi sama da ƙasa.

"Shi ya sa. Kullum ina cewa kan yaron nan na taɓa ganinsa a wani wuri. Har lotsawar."

"Raƙumi ne."

"Ungozoma ce. Ina wurin."

"Kin ga ke nan na girmi Nasara. A riƙa gaishe ni da safe."

"A riƙa kwaɓa lalle a kanka dai. Faɗinsa ya isa amarya biyu."

Ta ɗan murmusa, murmushin ya koma. Ta kama bakin zanen tana murzawa.

"Inusa, ba zan iya faɗar maganar nan ba kuma. Bakina ya ƙi."

"Amarya nawa aka yi wa lalle a wannan, ta Baburan?"

Ta fara lissafi da yatsu, tana kiran sunaye a hankali. Ta wuce uwarsa, ta wuce 'yan'uwan uwarsa, ta shiga jikoki.

"Sha tara."

"Auren nawa ya mutu?"

"Biyu. Su ma mazan ne 'yan iska."

"To Nafisa ba tagulla take so ba. So take a sa hannunta inda aka sa na Inna. Wannan kuwa a nan aka sa shi, ba a waccan ba. Ran Alhamis kada ki ce ta girmi kowa. Ki kira mata sha taran nan da sunansu, kamar yadda kika yi yanzu. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki."

"In aka ce ina zancen Nasara?"

"Ki ce jikanki ya ɓata miki shi, kin bar masa. Kowa zai yarda. An san ni."

"Kai kuma fa? Ran Lahadi?"

"Zan koma in ce na yi kuskure. Sunan tasa ya girmi Nasara, Malam Maina ya fi ni. In ce na kwaikwayi kakata don a yi dariya, ban kyauta ba. Nan zan tsaya."

"Kada ka yi ƙarya saboda ni."

"Suna na ce. Ban ce tagulla ba."

"Sunan nata kam tsoho ne." Ta ja tasar gabanta. "In na mutu ka gaya wa uwarka. Ta san abin da ta ci."

"Ke da kika ƙi mutuwa? Sai dai ki gaya mata da kanki, ranar sunan jikan Nafisa."

"Zan mutu ranar da ka karanta layi har ƙarshe."

"To kin dawwama."

Ta naɗe tasar, ta kwance kuma. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya ta juye a ciki, wai ba a fitar da ita wofi. Inusa ya buɗe jakarsa zai sa, ta buge masa hannu.

"A jaka? Kamar kayan sata? A ka ake ɗaukarta. Haka aka saba."

"Mata ke ɗauka."

"Matan ba su hau radiyo ba."

"Kaka, hanyar tasha ta ƙofar gidan Kulu ta bi."

"Na sani. Suna nan kuwa, yau ma ɓara ake."

Ta cire tsohon ɗankwalin da ke kafaɗarta, ta naɗa gammo, ta sa shi ya durƙusa. Ta cire masa hula ta cusa a aljihunsa, ta ɗora gammon, ta ɗora tasa. Malamin kolej, da rigar shadda da takalmi mai igiya, ya miƙe a hankali yana dafe da tasa, ya fita. Tana biye da sandarta.

Matan suna ƙarƙashin bishiya, su bakwai. Hannuwa suka tsaya a cikin gyaɗa. Kulu ce ta fara.

"Wa nake gani kamar Mushe? Sannu da kaya. Me aka ɗauko haka, kofin shayi?"

"Tasa ce, Inna Kulu."

"Ta Faransa?"

"Ta Kaka."

"Ɗaga murya, radiyon ba ya kamawa."

"Ta Kaka Zulfa ce. Na yi kuskure."

"To yi mana muryar nan mu ji. Ta ran Lahadi."

Zufa ta gangaro masa daga ƙarƙashin gammo. Matan suka kwashe da dariya, wata har da tafi. Ya tsaya ya jure, bai motsa ba, don ya lura duk idanun a kansa suke, ba wadda ta dubi tsohuwar da ke bayansa, ba wadda ta ce mata ta faɗi shekarun tasa.

"Ya isa," in ji Kaka Zulfa, ta buga sanda a ƙasa. "Ku bar min abina. Wawa ne, amma ni kaɗai ke da izinin faɗa."

Ta raka shi har bakin hanya. Taksin yana tsaye, ana ɗaure buhuna a sama. Sai da direba ya tayar da mota ta matso jikin taga. Inusa yana zaune a takure, tasa a cinya. Ta leƙa hagu da dama, ta sauke murya yadda shi kaɗai zai ji, kafaɗunta suna rawa da dariyar da take dannewa.

"Ka riƙe ta da hannu biyu, mai kan gwanda. In ka manta ta a taksi, ƙafafuna ba za su sake kai ni Babura sayen tasar kakata ba."